Hannuna Ne Ya Kashe Injin

Ni bakanike ne, injin ban-ruwa nake gyarawa, kuma da an bar ni da sifanuna da babu abin da zai haɗa ni da maganar wurin shaƙatawa. Amma a Talata Mafara in ka iya tada injin da ya ƙi tashi, sai a ɗauka kana da ra'ayi a kan komai. Haka aka tsoma ni cikin kwamitin ƙungiyar ci gaban gari, ni Muttaka, da ko shekara huɗu ban cika a garin ba.

Maganar ta Alhaji Abdulwahabu ce. Ɗan gari ne da ya daɗe yana kasuwanci a Kaduna, ya dawo gida da tumbi da dabaru. Ya ce garin da ke bakin babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ga ruwan Bakolori a kusa, bai kamata matafiya su riƙa tsayawa su sayi albasa kawai su wuce ba. A gina wurin wasa, da liluka da rumfunan abinci da ƙananan jiragen ruwa, mutanen Bakura da Maradun su riƙa zuwa, wata rana har na Gusau, 'yan gari su samu abin yi. Ya ce ya gaji, ba a jin sunan yankinmu a rediyo sai in an yi ta'asa.

Malam Umar, tsohon hedimasta, shi ya tsaya masa a wuya. Bai ce haramun ne ba, bai ce ɓarna ce ba. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa: a wannan zamani, wane mai hankali ne zai tara yara ɗari biyu a fili ɗaya a bayan gari, ya kuma kunna musu kiɗa don a jiwo su daga nesa? Alhaji ya ce in haka ne sai a rufe kasuwar Talata ma. Malam ya ce kasuwa dole ce, lilo ba dole ba ne. Zama uku aka yi ana wannan, shayi yana ƙarewa magana ba ta ƙarewa. A ƙarshe aka ce a gwada. Alhaji zai yi hayar lilo ɗaya babba, a kafa shi a filin da ke bakin kanal ɗin ban-ruwa ranar uku ga ƙaramar Sallah, a ga abin da zai faru. Ni aka ba haɗawa da riƙon janareta.

A wurin taron zuciyata tana wajen Alhaji, kuma ba don baƙi ba. Don Fatiha ne, 'yata.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Janbako. Ranar da muka baro shi ba mu rufe ƙofa ba, kuma ba zan ba da labarin ranar a nan ba. Fatiha tana da shekara biyar lokacin, yanzu tana cikin ta tara. Yarinya ce mai lafiya, tana cin abinci, tana zuwa makaranta, sai dai ko wasa take yi ba ka jin motsinta. 'Yar tsana ma a hankali take yi mata magana. Kuma ni na mayar da ita haka. Tun a ƙauye nake zaunar da ita ina bita mata, kamar karatun allo: in kin ji mashina da yawa, kada ki yi kuka. Ki kwanta ki lafe da ƙasa. Ko sunanki kika ji an kira, kada ki amsa sai an taɓa ki. Ta riƙe karatun nan fiye da yadda na so. Shi ya sa da na ji maganar lilo, na ce ko Allah zai sa in ga yarinyar nan ta yi ihu irin na yara sau ɗaya.

Mu manya ma muna da namu karatun. Duk wanda ya yi noman rani a wajenmu ya san inji abokin aiki ne amma ɗan tonon asiri ne. Ƙararsa tana toshe maka kunne, kuma tana gaya wa na nesa inda kake. Saboda haka in aka ce mashina, abu na farko kashe inji, sannan ka faɗa cikin kanal ko cikin shinkafa. Ba a tunani, ba a waige. Na yi wannan ya fi a ƙirga, a gonata da gonakin mutane, wani lokaci ma a kan mashin ɗin ɗan acaɓa guda ɗaya da ya ɓata hanya. Ba mu taɓa jin kunyar hakan ba, don shi ya bar da yawanmu da rai.

Lilon ya iso a bayan babbar mota, gunduwa-gunduwa. Kwana biyu muka yi muna haɗa shi. Da ya miƙe sai ga abu kamar ƙafar keke, amma ya fi dogon gidan sama tsawo, da kujeru takwas masu kama da kwando suna reto a jikinsa. 'Yan gari suka sa masa suna lilon sama. Kowane noti da hannuna na ɗaure shi, na kuma bi na sake ɗaurewa. Wanda ya kawo shi ya nuna mini cewa in wuta ta yanke birki yana kamawa da kansa, don kada ya juyo da mutane da ƙarfi. Na yaba wa wannan dabara ƙwarai.

Ranar gwaji, da safe, Zahra'u matata ta shirya Fatiha cikin kayan Sallarta, atamfa ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido. Ita ba za ta je ba, tana da jariri a hannu. Ta rako mu zaure, ta ce, "Ka riƙe mini hannunta. Amana ta." Na yi dariya na ce ai da ubanta za ta, ba da baƙo ba.

An shirya cewa jami'an tsaro za su zo tare da manyan baƙi bayan la'asar. Amma tun azahar filin ya cika. Lantana mai masa ta kafa tandarta, masu rake da ƙanƙara sun jeru, lasifika tana ta kiɗa, rana kuwa kamar ta sauko a kan mutane. Alhaji ya kasa haƙuri, ya ce a juya lilon ko sau ɗaya ne mutane su gani. Na tada janareta, lilo ya juya babu kowa a ciki, aka yi tafi. Aka ce yara su hau, sai kowace uwa ta ja nata baya. Yaran suna ta zillo, iyaye suna ta riƙo. Alhaji yana gumi cikin babbar riga yana rantsuwa cewa a Kaduna har jarirai ake ɗorawa. Na ce musu ni na ɗaure shi, ko buhun shinkafa goma aka zuba ba abin da zai yi. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "To kai da kaɗ ɗaure shi, aza taka mu gani."

Na dubi Fatiha. Ba ta ce tana so ba, amma idonta yana can sama. Na ɗauke ta na zaunar a kwando ɗaya, na ja ƙarfen gaba na kulle, na koma wajen inji na saki lilon.

Zagayen farko ta ƙanƙame ƙarfen, ido a rufe. Na biyu ta buɗe. Da ta kai can ƙololuwa ta fara gangarowa, sai na ji wani abu da na shekara huɗu ban ji ba. Dariya take yi, da ƙarfi, baki a buɗe, har da kiran "Baba!" Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Mata suka fara sakin hannun 'ya'yansu, yara suka fara layi. Na ce a raina bari in ƙara mata zagaye ɗaya.

Tana hawa na uku wani ya ce, "Mashina." Ba ihu ya yi ba. A wajenmu ba a buƙatar ihu. Na juya, sai ga ƙura daga wajen hanyar Bakura, doguwa, da wannan gurnani da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa, na mashina masu yawa da ke tafiya tare.

Abin da ya biyo baya ban gan shi ba, jikina ne ya yi. Na san na ji ƙarar kwanuka, na san na tsallake wani abu mai zafi. Da hankalina ya dawo ina cikin kanal, ƙarƙashin kwalbati, ruwa har ƙirji, bakina cike da laka. Filin ya yi tsit. Babu kiɗa, babu muryar kowa. Har na fara yi wa Allah godiya da wannan shiru, sannan na gane abin da ya kawo shi. Janareta ba ya ƙara. Na ɗaga hannuna na dama na dube shi kamar ba nawa ba, don shi ya kashe injin, kuma bai tambaye ni ba.

Na leƙa ta cikin ciyawa. Lilon yana tsaye cak. A can saman, a kwandon da ya fi kowanne nisa da ƙasa, ga ruwan ɗorawa. A duk faɗin wurin babu abin da ya kai ta fitowa fili. Ko makaho ya iso filin nan sai ya ɗaga kai.

Tsoro iri-iri na sani, amma wannan ban taɓa ɗanɗana shi ba. Na ce wa kaina tashi. Tsakanina da injin taku ɗari biyu ne ko ƙasa da haka, igiya ɗaya zan ja, rabin zagaye ta sauko. Na ce tashi, Muttaka. Ƙafafuna suka ƙi. Kafin in gama faɗa da ƙafafun, mashinan sun iso.

Sun kai talatin, kowanne da mutum biyu, wasu uku, fuskoki a naɗe da rawani. Suka tsaya a bakin filin ba su kashe mashinan ba. Daga inda nake tayoyi da ƙafafu na fi gani. Na sake ɗaga ido sama, sai na ga babu ruwan ɗorawan. Kwandon yana nan yana ɗan reto, babu kowa a ciki. Na duba ƙasan lilon, ciyawa ta tare ni. Na ce ta yi ƙoƙarin saukowa ta faɗo. Na ce a'a, da na ji ƙara. Na ce ina zan ji, da wannan gurnani.

A nan ne zuciya ta fara kawo mini dalilai, kuma masu kyau. In na fito za su harbe ni, ita kuma ta rasa mai sauko da ita. In na fito za su tambayi abin da na dawo nema, su ɗaga kai. Zamana a nan shi ne taimakonta. Duk gaskiya ne. Amma ni na san ba su suka riƙe ni a cikin ruwan nan ba. Tsoro ne kawai, tsoron raina, kuma ina faɗa ne don na gaji da ɓoye shi.

Ɗaya daga cikinsu ya sauka, dogo, ya tako a hankali har gindin lilon. Ya tsaya daidai ƙarƙashin kwandonta. Na karanta duk abin da na iya, har wanda ban iya ba. Ya sunkuya ya ɗauki wani abu, takalmin yaro ne, ya juya shi a hannu. Ya dubi tandar Lantana da masa ke ƙonewa a kai tana hayaƙi. Ya dubi tabarmi da mayafai da aka watsar. Sai na ga ya yar da takalmin ya ruga wajen 'yan'uwansa yana ɗaga hannu. Nan take suka juya, har wasu suna karo da juna, suka koma ta inda suka fito da gudun da ya fi na zuwansu.

Ko a lokacin sai da na jira ƙarar ta yi nisa. Sannan na fito da rarrafe, na miƙe, na ruga. A gindin lilo babu kowa a ƙasa. Na ɗaga kai na kira sunanta. Shiru. Na sake kira, na ce ni ne, Baba ne. Shiru. Na faɗa kan janareta na ja igiya, hannuna jiƙe da laka, ta suɓuce. Na sake ja, ya yi tari ya mutu. Ni da nake tada injin da masu shi suka yanke ƙauna, na tsaya ina roƙon wannan kamar mutum. A ja na biyar ya kama.

Lilon ya fara saukowa a hankalinsa, don shi bai san ana sauri ba. Kwando na farko ya wuce ni babu kowa. Na biyu haka, na uku haka. A na huɗu na tsayar. Tana kwance a ƙasan kwandon, ta dunƙule, ta tattara zanenta duk ta cusa ƙarƙashinta don kada ya leƙo, hannu ɗaya a kan bakinta. Idonta a buɗe yake, tana kallona, amma ba ta motsa ba sai da na taɓa ta. Ƙarfen ya sha rana tun safe, ya ƙona mata kunci da gefen hannu inda ta lafe. Ko uffan ba ta ce ba.

Kafin magariba gari ya san ko su wane ne. Samarin Birnin Tudu ne, da wani Ɗanasabe a gabansu, kuma Alhaji da kansa ya aika musu goron gayyata. Sun taho a ayari ne don yanzu babu mai bin hanyar nan shi kaɗai, sun naɗe fuska saboda ƙura. Suka iso suka tarar da fili babu kowa, takalma a warwatse, abinci a kan wuta, suka ce yanzun nan aka kwashe mutanen Mafara. Suka koma suka baza labari, har Bakura aka rufe shaguna. Wato baƙin da aka kafa lilo dominsu sun zo, mun guje su, su ma sun guje mu.

Da tsoro ya sauka sai dariya ta hau. An tsinci babbar rigar Alhaji a maƙale a shingen ƙaya. Malam Umar, da ke cewa gwiwa ta hana shi sallah a tsaye, an ce ya riga jikokinsa isa gida. Gardama kuwa ta ƙara zafi. Alhaji ya ce ga hujja nan, mashin talatin daga gari ɗaya tun kafin a gina komai. Malam ya ce shi ma hujjarsa ke nan, mutanen da ke gudun baƙinsu ba su shirya karɓar baƙi ba. Aka sa Asabar za a zauna a yanke ta hanyar ɗaga hannu.

Ni ma na samu rabona na tsiya. A bakin kasuwa ana ce mini mai saurin hannu. Ina taya su dariya, don abin da suka sani shi ne na kashe inji, wanda kowannensu zai yi. Ba wanda ya san inda na shiga ko tsawon lokacin da na yi a can, don kowa yana ta kansa. Zahra'u ta tambaye ni sau ɗaya, tana shafa wa yarinyar magani a kunci, ba ta dube ni ba. Na ce mata ina nan kusa, bayan rumfar masu rake, idona a kan Fatiha, ina jiran su juya baya. Ban san ko ta yarda ba. Ta dai wanke kayana masu laka. Fatiha tana zaune tana jin mu ba ta ƙaryata ni ba, na ɗauka ta kwanta ne tun farko ba ta ga komai ba. Da wannan zato na samu na riƙa runtsawa.

Ranar Asabar bayan azahar ina zaune a tsakar gida ina sa takalmi zan tafi taron. Zahra'u tana ɗaki da jariri. Fatiha ta zo ta tsuguna kusa da ni, ƙunar kuncinta ta fara bushewa.

"Baba, yau za a ce a gina ko kar a gina?"

Na ce yau ne. Na tambaye ta ita mi ta gani.

Ta ce ita tana so a gina. Ta ce daga sama ana ganin komai, ruwan dam yana ƙyalli, shinkafa kamar tabarma, har motocin kan titi ƙanana. Tana faɗa tana murmushi, ni ma na fara murmushi.

Sai ta rage murya, irin yadda take yi wa 'yar tsanarta. "Har kai na gani. Sa'adda kak kashe inji, da sa'adda kash shiga kanal, ƙarƙashin kwalbati. Hulakka ta hwaɗi a hanya."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Akwai 'yar ɓula a ƙasan kwandon, ina hangen ka ta nan. Da mutumen ga yat taho, sai nij juya kaina wancan gehe, don kar shi bi idona shi gane inda kake." Ta dube ni. "Kuma ban hwaɗa ma Inna ba. Na yi daidai ko, Baba?"

Na ce mata ta yi daidai. Duk abin da na koya mata ta yi, ba ta bar ko ɗaya ba, har ta ƙara da wanda ban koya mata ba. Ta ji daɗi, ta tashi ta koma wajen wasanta a hankali, ba a jin takunta.

Na sa ɗayan takalmin na fita, amma ban wuce zaure ba. Ina nan zaune aka kira la'asar. Wayata tana ta ƙara a aljihu, Alhaji ne, ana jirana a ɗaga hannu.